Kafin katin shawara ya hau kanta

Duk wanda ya saba shiga ƙananan kantunan littattafai masu zaman kansu, waɗanda ba rassan wani babban kamfani ba ne, ya san kantar nan da akan keɓe kusa da ƙofa. Littattafan da ke kai ba su da yawa, an juyo da fuskokinsu waje, a ƙarƙashin kowanne kuma an liƙa ɗan kati da rubutun hannu, layi huɗu ko biyar, sai sunan ma'aikacin da ya rubuta. Mai saye yakan karance katin kafin ya gama gyara tsayuwarsa. Abin da ake sha kafin katin ya hau kantar kuwa, sai wanda ya yi aikin ya sani. Na yi aiki a irin wannan kanti, ga kuma yadda katina na farko ya samu.

Sabon ma'aikaci ba ya rubuta kati. Doka ta farko ke nan da mai kantin ya kafa mini, wani dattijo da dukanmu muke kira Malam, wanda ya yi furfura a cikin sana'ar. Aikina a watannin farko bai wuce yanka kwalaye ba, in gwada abin da ke ciki da takardar kaya, in haska lambar bayan kowane littafi da na'ura ta shiga kwamfuta, in jera, in kaɗe ƙura. Lambar nan ta ISBN, wadda ta koma lambobi 13 tun 2007 bayan ta daɗe tana 10, ita ce sunan littafi a wurin 'yan kasuwa. Littafi ɗaya ne, amma bugunsa mai bango mai tauri da mai bango mai laushi kowanne da tasa, lambar ƙarshe kuwa aikinta kama kuskure, in ka buga ɗaya ba daidai ba kwamfuta za ta ƙi karɓa. Aikin yana da gundura ga wanda ya zo da zumuɗin hirar adabi, amma ta nan ne hannu ke haddace kantin. Wanda zai ce wa mutum "ga wanda ya dace da kai" dole ƙafarsa ta kai shi wurin littafin ba tare da lalube ba. In ka bar mai saye tsaye kana neman abu a kwamfuta, zafin maganar ya huce.

Doka ta biyu ta zo ne da umarni. Malam ya ce, "Ɗana, in ka gama jera kaya, je ka tsaya kusa da yayarka. Buɗe kunne, rufe baki." Yana nufin babbar ma'aikaciyar kantin, wadda ta girme ni a shekaru da kuma aiki, Yaya nake ce mata. A wurinta na koyi mafi yawan abin da na sani, ba ta kuma taɓa zaunar da ni ta ce ga darasi ba.

Wata rana wani dattijo ya shigo yana dogara sanda, ya ce mata, "'Yata, littafin tarihi nake so." Kantar tarihi tana bayansa, taku uku ne, amma ba ta nuna masa ba. Ta ce, "Sannu da zuwa, Baba. Wane ne na ƙarshe da ka karanta ka ji daɗinsa?" Ya ambaci wani littafi a kan wani babban yaƙi. Ta ce, "Me ya fi tsaya maka a rai a cikinsa?" Ya yi jim, ya sauya hannun da yake riƙe da sandar, sannan ya ce wasiƙun da wani ƙaramin soja yake aika wa mahaifiyarsa, wuraren da ake bayanin dabarun yaƙi kuwa tsallakewa yake yi. Ta sake tambaya ko akwai wanda ya fara ya ajiye. Ya ce akwai wani ƙato da ɗansa ya saya masa, duk shafi sunayen sarakuna ne da shekaru, yana nan a gida bai kai rubu'insa ba. Sai ta wuce kantar tarihin ko kallonta ba ta yi ba, ta je sashen tarihin rayuwa, ta ɗauko littafin da wata ma'aikaciyar jinya ta rubuta game da shekarunta a asibitin fagen daga. Ta buɗe wani shafi a tsakiya, ta sa masa a hannu, ta ce, "Baba, ga kujera, duba wannan shafin, ina zuwa." Ta tafi tana gyara wasu littattafai da ba su buƙatar gyara. Da ta dawo ya wuce shafin da ta buɗe masa da ganye uku, ya sa yatsa a tsakiya kada wurin ya ɓace masa.

Bayan ya fita ne ta ce mini aikinmu irin na tela ne, sai ka auna mutum kafin ka sa almakashi a yadi. Tambayoyinta na awo ba su da yawa. Ban da waɗanda ta yi wa dattijon, takan tambayi lokacin da mutum yake karatu, domin mai karanta shafi biyar kafin barci ya kwashe shi ba ya jure littafin da ke da mutum talatin masu sunaye iri ɗaya. Takan tambayi ko yana son abin da zai ɗebe masa kewa ne ko wanda zai sa shi tunani. In kyauta za a yi da littafin, sai ta bar maganar littattafai gaba ɗaya ta koma kan wanda za a ba: me yake yi, me yake yawan hira a kai, me ke ba shi dariya. Tambayar littafin da aka ajiye ba a gama ba ita ce ta fi ba ta haske, kuma mutane sukan amsa ta da ɗan jin kunya, sai ta yi sauri ta ce ita ma tana da nata jerin.

Nauyin kantar shawara bai bayyana gare ni ba sai ranar da Malam ya zaunar da ni gaban littafin lissafi bayan an rufe kanti. Kamfanonin ɗab'i sukan ba kanti ragin wajen kashi 40 cikin 100 daga farashin da ke jikin bango, wani lokaci sama kaɗan, wani lokaci ƙasa. A ciki za a fitar da haya da wuta da albashi da kuɗin dako, abin da ke saura bai taka kara ya karya ba. Galibin sababbin littattafai akan karɓe su ne bisa sharaɗin wanda bai sayu ba a mayar, tsarin da ya kafu a Amurka lokacin karayar tattalin arziki ta shekarun 1930. Amma mayarwar ma asara ce, ga ɗaurin kaya, ga dako, ga kuɗin da ya kwanta watanni bai haifi komai ba. Littafin da aka juyo da fuskarsa waje kuwa yana cin wurin huɗu ko biyar da aka jera a tsaye gefe da gefe. Saboda haka duk littafin da ya hau kantar nan, an hana wasu wuri ne dominsa.

Ta fuskar farashi, ƙaramin kanti ba shi da abin cewa. Malam yana bin labarin sana'ar a ƙasashe, shi ya ba ni labarin Birtaniya, inda tun 1900 aka yi yarjejeniyar cewa kowa zai sayar da littafi a farashin da kamfanin ɗab'i ya yanka. Yarjejeniyar ta ruguje a 1995, kotu ta soke ta a 1997, daga nan manyan kantuna da manyan shagunan kayan masarufi suka shiga karya farashi, ƙanana da yawa suka rufe. A shekarar 1995 ɗin ce kuma Amazon ya fara sayar da littattafai ta intanet. Faransa ta bi wata hanyar daban, tun 1981 dokarta ta hana a yi wa sabon littafi ragin da ya wuce kashi 5 cikin 100, shi ya sa ƙananan kantunanta suka samu sararin numfashi. Inda babu irin wannan doka, abin da ya rage wa ƙaramin kanti shi ne ya san kayansa ya kuma san mutanensa. Wani malami a makarantar kasuwanci ta Harvard, Ryan Raffaelli, ya binciki dalilin da ya sa yawan irin waɗannan kantuna ya ƙaru da kashi 35 cikin 100 a Amurka tsakanin 2009 da 2015, bayan an riga an yi musu jana'iza a baki, kuma zaɓen littattafai da hannun mutum yana cikin dalilai uku da ya kawo.

Abin da Malam ya fi jaddadawa shi ne ba a sayen wuri a kantar nan. A manyan kantuna masu rassa an daɗe ana yin wani ciniki: kamfanin ɗab'i ya biya kuɗi a ɗora littafinsa a teburin gaba, mai saye ya shigo ya ɗauka zaɓin ma'aikata ne. Da James Daunt ya karɓi ragamar Waterstones, babban kamfanin kantunan littattafai na Birtaniya, a 2011 ya daina karɓar wannan kuɗi, ya bar kowane reshe ya zaɓi abin da zai sa a gaba, sai kayan da suke mayar wa kamfanoni suka ragu ƙwarai. Malam yakan kawo wannan misali da jin daɗi, domin Daunt daga ƙaramin kanti nasa na kansa ya fito. Ni ma ina ganin a nan darajar katin take. Ranar da mai saye ya fara zargin an biya aka rubuta, katin ya zama talla, talla kuwa ko'ina akwai ta.

Lokacina ya zo ne ba tare da wani biki ba. Wakilin wani kamfanin rarraba littattafai ya kawo kwali na kwafin da ake aiko wa masu kanti watanni kafin littafi ya fito kasuwa. Irin waɗannan kwafi ba a gama gyara su ba, za ka tarar da kurakuran bugu, wani ma bangonsa fari ne fat ba zane, an kuma buga a jiki cewa ba na sayarwa ba ne. Malam ya turo kwalin gabana da ƙafa ya ce, "Zaɓi. Wanda ya kama ka, ka kai ƙarshensa, sannan mu yi magana." Sharaɗin kaiwa ƙarshe ba wasa ba ne a wurinsa. Akwai littattafan da ke farawa da ƙarfi su watse a ƙarshe, akwai masu ɓoye wani abu mai tayar da hankali a babi na ƙarshe, kuma wanda ya miƙa wa uwa littafi ta kai wa 'yarta bai san abin da ke shafi na 250 ba, ya ci amana.

Na ɗebi da dama na tafi da su gida. Wasu na karanta babi biyu na mayar cikin kwali, ba don ba su da kyau ba, sai don na san suna da masu yi musu shela. Littafin fitaccen marubuci zai sayu ko da kati ko babu, ɗora shi a kantar shawara ɓarnar wuri ce. Wanda ya riƙe ni wani ƙagaggen labari ne da aka fassaro daga wani harshe, wani ƙaramin kamfanin ɗab'i ya buga, marubucin ba a san shi ba a wajen ƙasarsa. Labarin wani ma'aikacin safiyo ne da aka tura wani kwari da ruwan dam zai cinye, ya ƙirga gidaje da gonaki da itatuwa don a biya mutane diyya. Shafuka sittin na farko ƙirge ne da awo, mutumin yana bi gida-gida da kundinsa, ba wanda ke kula shi. Sai wata tsohuwa ta tare shi ta ce ya sa kabarin mijinta a lissafi, ya gaya mata nawa ne kuɗinsa. Daga nan labarin ya juya, duk abin da aka ƙirga a baya ya dawo da wani nauyi daban. Na karanta shi da fensir a hannu kamar yadda Yaya take yi, ina sa alama a shafukan da za a iya buɗe wa mutum a tsaye ya ɗanɗana ba tare da an tona masa labarin ba.

Da na kai wa Malam, bai tambaye ni ko littafin yana da kyau ba. Ya ce, "Wa za ka miƙa wa? Kira mini mutum uku cikin masu shigowa nan." Na yi shiru ina zagaya fuskoki a raina. Na ambaci wata malamar makaranta da ke son fassararrun labarai, da wani injiniya mai ritaya da yakan ce shi ba ya karanta ƙagaggen labari amma kullum yana tsayawa a sashensu, da wata mata mai ƙungiyar karatu da ke neman littafin da zai jawo muhawara. Ya ce, "Wa kuma ba za ka miƙa wa ba?" Wannan ta fi sauƙi, duk mai son a fara da gudu, da wanda bai daɗe da yin rashi ba. Ya gyaɗa kai, ya buɗe kwamfuta, ya mayar da odar littafin daga kwafi ɗaya zuwa biyar. Kwafi biyar na marubucin da ba a sani ba, ga ƙaramin kanti, kasada ce ta gaske, kuma a kan maganata aka yi ta.

Rubuta katin ya fi karatun wuya. Iyakarsa kalmomi hamsin zuwa sittin, da hannu, da alƙalami mai kauri yadda mai tabarau zai karanta daga nesa kaɗan. Akwai kalmomin da aka haramta a kantin, irin su "gagarumi" da "mai ban mamaki" da "dole ka karanta", domin kowane bango yana ɗauke da su, ido ya saba tsallake su. Ba a kwafo abin da ke bayan littafi, mai saye zai juya ya gani da kansa. Ba a tona abin da ya wuce sulusin farko. Ba a kwatanta littafi da wani shahararre sai in kamar ta gaske ce, domin wanda ya saya da tsammanin irin wancan zai samu, fushi biyu zai yi. Kowane kati kuma sai ya bi ta hannun Yaya kafin ya ga bango.

A nan muka saɓa. Na buɗe katina da gargaɗin cewa farkon littafin a hankali yake tafiya. Ta karanta ta ce, "Ƙanina, wa ka taɓa gani yana tallar kayansa yana faɗin aibinsa? Mutum zai karanta layin farko ya wuce." Na ce, "Yaya, wanda ya saya bai sani ba ya ajiye a shafi na talatin, ba zai dawo ya gaya mana ba. Zai daina yarda da katunanmu ne kawai, har da naki." Muka kai maganar gaban Malam. Ya karanta sau biyu, ya ce gargaɗin yana nan ba za a cire ba, amma zai bar layin farko ya koma tsakiya. "Ku fara nuna wa mutum abin da zai samu," in ji shi, "sannan ku gaya masa abin da zai biya." Ga abin da ya hau kantar daga ƙarshe:

"An tura ma'aikacin safiyo ya ƙirga gidaje da itatuwan wani kwari da dam zai cinye, don a biya diyya. Shafuka sittin na farko a hankali suke tafiya, ka yi haƙuri da su, akwai dalili. Daga inda wata tsohuwa ta tare shi da tambaya ɗaya, ajiye littafin zai yi maka wuya. Na mai karatun dare ne, wanda ba ya sauri."

Maganar kabarin na cire ta, na bar wa mai karatu ya tarar da ita da kansa. A ƙasa na rubuta sunana na farko kawai, kamar yadda kowa ke yi, domin mai saye ya san wanda zai nema.

Da kayan suka iso aka ba shi wuri daidai tsayin ido, kwafi ɗaya a tsaye yana fuskantar ƙofa, sauran a kwance a ƙarƙashinsa. Kati shi kaɗai yana sayar da littafi, amma a hankali. Abin da ke motsa shi sosai shi ne miƙawa hannu da hannu. Da injiniyan nan ya shigo na bar shi ya gama zagayensa, ya zo ya tsaya inda ya saba. Na ce, "Ranka ya daɗe, na san ba ka karanta ƙagaggen labari, amma akwai wani a nan da mutumin cikinsa da teodolait, na'urar awon ƙasa, yake yawo." Ya juyo. Na buɗe masa shafin da ake bayanin yadda ake ƙiyasta kuɗin itacen da ya fara 'ya'ya da wanda bai fara ba, na sa masa a hannu, na ja baya. Wannan ja da bayan shi ne ya fi mini wuya a dukan aikin, domin baki yana ƙaiƙayi ya ƙara yabo, alhali duk kalmar da ka ƙara tana mayar da kai ɗan talla. Ya karanta a tsaye, ya ce marubucin ya san aikin, ya kai littafin wurin biya. Malamar makarantar ta saya ba tare da dogon bayani ba. Mai ƙungiyar karatun ta tafi da kwafi ɗaya, bayan mako biyu ta bugo waya ta ce a yi wa mutanenta oda.

Mutane sukan tambaye ni ko wannan duka bai zama wahalar banza ba, tun da kwamfuta tana ba da shawara kyauta. Ba na raina ta. Dabarar nan ta "waɗanda suka sayi wannan sun sayi wancan", wadda Amazon ya ɓullo da ita wajen 1998, ta san sunayen littattafai fiye da duk wani ɗan Adam, in kuma kana son ƙarin irin abin da ka saba, za ta ba ka. Sai dai ciniki take ƙirgawa. Ba ta san littafin nan kawunka ka saya wa ba, ba ta san wancan ya sha ƙura a kan tebur tun shafi na talatin ba. Littafin da ba wanda ya saya tukuna, irin nawa na safiyo, ba ta da abin da za ta ƙirga a kansa, sai wani mutum ya fara karanta shi ya tsaya masa. In kuma shawararta ta ci kuɗinka a banza, ba ka da wanda za ka koma ka tsare da ido.

Ni kuwa an dawo an tsare ni. Wani matashi ya shigo da littafin a hannu ya ce, "Malam, kai ne mai katin nan? Littafinka barci ya sa ni." Ya karanta gargaɗin, ya ɗauka zai jure, bai jure ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, sunana ne a ƙasan katin, don haka ni zan amsa. Ƙa'idar kantin ita ce ba a jayayya da mai karatu a kan abin da ya ji, ba a kuma ce masa ya ƙara haƙuri daɗin yana gaba. Na tambaye shi inda ya tsaya da abin da ya gundure shi. Ya ce mutumin ba ya magana da kowa, shi kuma hira yake so a labari, mutane su yi ta musayar magana. Wannan bayani ya fi mini duk abin da zai faɗa da ya shigo ranar farko. Littafin bai lanƙwashe ba, Malam ya yarda a musanya masa, na ba shi wani gajere da kusan dukansa zance ne tsakanin mutum biyu a cikin mota. Na rubuta abin da ya gaya mini a ɗan kundin da kowannenmu yake ajiyewa a aljihu. Ya zama cikin masu yawan zuwa, in ya shigo kuma ni yake nema.

Shawarar ma'aikacin kanti ba ta tsayawa a bakin ƙofarsa. A Amurka ƙungiyar masu sayar da littattafai tana fitar da jerin Indie Next kowane wata, daga zaɓin ma'aikatan ƙananan kantuna, tare da kalmomin da suka rubuta da sunayen kantunansu. A Japan tun 2004 akwai kyautar littafi da ma'aikatan kantuna kaɗai ke jefa wa ƙuri'a, wanda ya ci kuwa cinikinsa yakan tashi sosai. Faransa tana da tata kyautar ta masu kantin littattafai tun 1955. Tun 2020 kuma shafin Bookshop.org ya ba ƙananan kantuna damar jera zaɓinsu a intanet su samu kasonsu na cinikin. Kamfanonin ɗab'i sun san wannan sarai, shi ya sa suke kashe kuɗi suna aiko da kwafin farko. Da wakilin kamfanin rarraba littattafan ya dawo ya ga yadda littafin yake tafiya a wurinmu, ya nemi izini ya ɗauki hoton katin ya nuna wa sauran kantunan da yake zagayawa, ya ce ƙaramin kamfanin da ya buga shi ba shi da kuɗin talla ko kaɗan.

Kati ba ya wuce wata uku a kanta. Masu yawan zuwa sukan daina ganin abin da ya daɗe a wuri ɗaya, rana tana cin tawada, sababbin littattafai kuma suna jiran wuri. A ƙarshen wa'adin Malam yakan fitar da lissafin kowane littafi da ke kantar, a yanke ɗayan biyu, ko a ɗaure ragowar a mayar wa kamfani, ko a bar shi cikin kayan kanti na dindindin. Na Yaya guda ɗaya da take matuƙar so bai motsa ba a zagayen nan, ta ɗaure shi da hannunta, ta ce lokacinsa ne bai yi ba, za ta sake gwada shi in bugu mai bango mai laushi ya fito. Nawa an sake odarsa fiye da sau ɗaya a cikin wa'adin. Malam ya duba lissafin, ya ce a mayar da shi sashen fassararrun labarai, kwafi biyu, ya kuma sa masa alama a kwamfuta cewa duk lokacin da ya rage saura ɗaya a sake oda ba sai an tambaye shi ba.